Tukwanen Baba Ba Na Sayarwa Ba Ne

Bolori, Maiduguri.

Zuwa ga yayana, Ya Tahir,

Assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu. Gaisuwa mai yawa da ban girma daga ƙanwarka Gumsu, tare da fatan wannan takarda ta same ka cikin ƙoshin lafiya, kai da Muhsinat da yara baki ɗaya. Allah Ya ƙara rufa asiri, Ya sa albarka a neman da kuke yi a Jidda, Ya kare ku daga wahalar baƙunta, kuma in kun shiga Harami ku tuna da mu a addu'a. Mu nan lafiya lau, sai godiya. Mahaifiyarmu Hajja tana nan da sauran ƙarfinta. Ciwon gwiwar ne dai yake tashi ya kwanta, amma bakinta bai san ciwo ba, kullum tana kan tabarmarta a Jiddari Polo tana mulkin gida da carbi a hannu. Sauda matar ɗana Babagana ta sauka lafiya, an sami mace, an mayar da sunan Hajja, kuma ta ɗebo hancinka kaf, abin da ban taya yarinyar murna a kai ba. Ƙanin mahaifinmu Baba Madu ya sha fama da zazzaɓi da damina, amma ya miƙe, har ya koma zaman majalisarsa ta ƙofar gida.

Na zaɓi in rubuto maka ne in ba maƙwabciyarmu Hajja Rakiya da za ta zo Umra, don na lura ni da kai ba ma maganar kirki a waya. Ka fara in katse ka, in fara ka katse ni, kafin a kai ko'ina layi ya yanke, kowa ya wuni da haushi. Takarda kuwa ba ka da yadda za ka katse ta, sai dai ka ninke ka ajiye, kuma na san halinka, za ka sake buɗewa.

Maganar gidan sabulun Baba ce, ka riga ka sani. Alhajin da ka turo ya zo, da motarsa mai baƙin gilashi da mutum biyu masu igiyar awo. Ko sallamar kirki ba su gama ba suka hau gwada rumfa, mata na tsaye suna juya tukunya ana zagaye su da igiya kamar turaku. Ya ce zai ɗaga rufin sama, ya dafe ƙasa da siminti, ya mayar da wurin sito na kayan da yake shigowa da su daga waje. Da na tambaye shi irin kayan, bai ji kunyar idona ba ya lissafa har da sabulu. Abin da ya tsaya mini a wuya shi ne da ya ƙwanƙwasa babbar tukunyar Baba da makullin motarsa, ya juya ya tambayi na kusa da shi ko masu sayen tsohon ƙarfe za su ɗauke ta ɗungurungum ko sai an yanka. Na sa aka kawo masa ruwan sanyi, don baƙonka ne, na jira ya sha, sannan na raka shi har bakin ƙofa na ce ya gaida gida. To ga amsata a rubuce, don kada a ce layi ne ya yanke: ban yarda ba, ba zan sa hannu ba, kuma ba za a kashe wutar tukwanen nan ina numfashi ba.

Ka ce wa Baba Madu wai taurin kai ne ya rufe mini ido, ba na ganin halin da ƙasa take ciki. Ya Tahir, kai a waya kake ganin halin ƙasa, ni kuwa a cikin tukunya nake ganinsa kullum safiya. Sabulu ba komai ba ne illa mai da soda. Sodar a jirgin ruwa take zuwa, da dala ake sayo ta, kuma tun da naira ta zube buhun soda bai sake kwana inda ya wuni ba. Man alayyadi na ƙasarmu ne, amma daga kudu yake tahowa a kan babbar mota, motar dizal take sha, ga kuma masu miƙa hannu a kowane shingen hanya. Ka tuna Nnaemeka, ɗan Ibon nan da aka haifa a garin nan, wanda Kanurinsa ya fi naka daɗin ji. Shi ne har yau yake kawo mana kaya kamar yadda mahaifinsa ya kawo wa Baba. Yanzu in na tambaye shi farashi sai ya ce in dakata ya kira Anacha, na Anacha shi ma ya ce a dakata ya duba waya ya ga inda dala ta kwana. Rannan ya zauna a kan bencina ya riƙe kai, ya ce shi yanzu ya fi tsoron sayar da kaya a kan ajiye su, don abin da ya fitar yau ba ya iya mayar da shi gobe. Matarsa Chinyere ta matsa su tattara su koma gida, shi kuma ya ce mata ina ne gidan in ba nan ba.

Wannan tsoro nasa, nawa ya ninka shi, saboda wani abu da ka manta, ko kake yi kamar ka manta. Sabulunmu ba a sauke shi yau a sayar gobe. In an zuba shi a akwatin katako ya daskare, a yanka shi da wayoyin teburin yanka, a buga masa hatimin tulu, sai a jera shi a kan katakai a ɗakin shanya ya yi makonni yana shan iska, har zafin sodar ya mutu a cikinsa. Ai ka sha ganin Baba yana ɗauko guda ya taɓa da kan harshensa. In ya ji ya cije shi a mayar, in ya ji lami a ɗaure a kwali. Da can wannan jira ba ya cin komai sai haƙuri. Yanzu kuwa sabulu yana kwance yana bushewa, naira ma tana can tana bushewa, kuma ta fi shi sauri. Ranar da na sayar da abin da na dafa, in na kwashi cinikin gaba ɗaya, uwa da riba, na kai wa Nnaemeka, kayan da zai ba ni ba za su cika tukunyar da na sauke ba. Haka aiki yake raguwa a hannuna ba tare da ɓarawo ya haura katanga ba. Wasu masu sana'ar sun samo wa kansu mafita. Wannan ya matse wayoyin yanka sabulu ya ƙanƙance, wancan ya cika nasa da alli da ruwa ya yi nauyi a hannu, a jiƙa shi sau biyu ya narke. Ban zage su ba, kowa da bakunan da yake ciyarwa. Ni dai ban taɓa wayoyin Baba ba, suna nan inda ya ɗaure su.

In ka ce to in ƙara kuɗi mana, wa zan ƙara wa? Da za ka leƙa kasuwar Gamboru da ka ga masu shaguna sun koma yanka sabulu da wuƙa sala-sala kamar awara, don masu iya sayen guda sun yi ƙaranci. Mace za ta tsaya da 'yan kuɗinta a hannu, ta dubi mudun masara ta dubi sabulu, kuma ka san wanda take ɗauka. Bayan ambaliyar nan da ta shafe unguwanni, da yawa cikin masu sarin kayanmu sun tashi ba jari. Wuta kuwa, shekarun da aka karya turakun lantarki muka zauna a duhu, janareta ya tsotse mu. Da wutar ta dawo muka yi guɗa, sai takardar kuɗinta ta iso muka haɗiye sauran guɗar. Na taka banki sau ɗaya don kada a ce ban gwada ba, ruwan da suka ce za su ɗora ko mai sayar da zinariya ba zai ɗauka ba, balle ga abin da addini ya ce a kai, na ɗauki jakata na fito. Ina ji a rediyo manyan kamfanoni masu injuna ƙatta suna naɗe tabarma suna barin ƙasar. Ban ce na fi su wayo ba, su dai suna da inda za su koma. Kuma bari in tsokane ka kaɗan, faɗuwar nairar da take yanka ni, kai ƙiba take sa ka. Riyal ɗinka in ya sauka nan kumbura yake yi, har an fara cewa Kawu Tahir ya zama attajiri. Wallahi ba na yi maka baƙin ciki, Allah Ya ƙara. Amma ka daina auna zafin rumfar nan daga inda kake zaune.

Yanzu in zo kan abin da ya tunzura ka, don na san an kai maka labarin da gishiri. Na tafi Gashuwa ta'aziyyar yayar marigayi maigidana, na bar Babagana a kan aiki. Sai ga wani ɗan kasuwa daga Kusuri, can tsallaken iyaka, da kuɗin sefa a jaka, ita kuwa sefa yanzu sarauniya ce a wurinmu, ya ce duk abin da ke ɗakin shanya yana so. A ranar kuma Nnaemeka ya aiko cewa soda za ta sake tashi. Babagana ya yi tunani irin na mai son ya burge uwarsa: a sayar yanzu a kama soda tun ba ta gudu ba. Ya kwashe katakai kaf, busasshe da ɗanye, ya loda wa mutumin, ragowar ya rarraba wa masu shaguna a Gamboru, ba wanda ya taɓa ko guda da harshe. Ina dawowa na tarar da ɗakin shanya wayam. Ba a jima ba wata mai wankau ta zo har ƙofa. Ba ta yi zagi ba, ba ta ɗaga murya ba, buɗe mini tafukan hannunta kawai ta yi. Fatar ta saluɓe, tsakanin yatsu ya tsattsage ya yi ja wur. Ta ce tun tana budurwa sabulu mai tulu take saya, shi ya sa ta zo ta ji ko gidan ne ya canza hannu. Ya Tahir, na ji kunyar da ban taɓa ji ba a rayuwata, na shiga ofis na turo ƙofa na yi kuka. Da na share idona na kai ta aka duba hannun, sannan na ɗauki keke napep na bi shagunan Gamboru ɗaya bayan ɗaya ina karɓe sabuluna ina ba da haƙuri, wasu na tausaya mini, wasu na dariya ƙasa-ƙasa. Na Kusuri ya riga ya haye iyaka, sai saƙo na bi shi da shi ta hannun direbobi cewa ya bar kayan su sha iska kafin ya sayar. Ban san ko ya ji ba, kuma wannan yana cina har yau. Babagana ban zage shi ba. Na ɗauko guda cikin waɗanda na karɓo, na miƙa masa a gaban ma'aikata na ce ya ɗanɗana. Ya taɓa da harshe, idonsa ya kawo ruwa. Tun daga ranar shi ne mai ɗanɗanon gidan, kuma ya fi Baba tsanani.

Wannan ne ka ji ka ce abin ya isa haka, a sayar tun sunan Baba bai gama zubewa ba, ni kuma in zauna a gida ka riƙa aiko mini da abin cefane duk wata. Na san da zuciya ɗaya ka faɗa, kuma na gode. Amma ka san ƙanwarka. Ni da na tashi da warin soda a zanena, ba zan iya zaman gadin waya ba, in yi ta leƙawa ko saƙon yayana ya shigo. Kuma ba ni kaɗai ba ce. Matan da ke juya tukwanen nan, yawancinsu a ƙafa suka shigo garin nan a shekarun tashin hankali, daga Bama, daga Dikwa, daga Konduga, da goyo a baya, mazan wasunsu har yau ba a san inda aka binne su ba. A nan suka koyi sana'a, a nan suka fita daga layin karɓar taimako, suka kama ɗakunan haya, 'ya'yansu suka shiga makaranta. Sito kuwa me yake buƙata? Maigadi ɗaya da 'yan dako in mota ta zo. Ranar da Alhajinka ya zo, da aka tashi aiki ba wadda ta tafi, suka zazzauna a tsakar gida suna kallona. Babbarsu Ya Kellu ce kaɗai ta yi magana, ta ce ita an taɓa korar ta daga gida da bindiga, ba ta san ana kora da igiyar awo ba. Ka gaya mini da wane baki zan sallame su.

Kada ka ɗauka zama na yi ina kumbura baki kawai. Akwai wata baiwar Allah, Susanna, 'yar Lassa, malamar kimiyya ce a sakandare, ta ajiye koyarwa don albashin ya daina kai ta makarantar ya dawo da ita. Ta zo neman aiki, muna cikin hira na ce da za a raba ni da sodar jirgin ruwa da na yi sadaka. Ta ce ai ɗan'uwan abin da ke cikin soda yana cikin kanwar da ake kawowa daga wajen tafki, wadda muke ba dabbobi muke jefawa a miya. In an jiƙa ta aka haɗa da ƙonanniyar farar ƙasa irin ta shafen gini, aka tace, ruwan zai iya dafa sabulu, sai dai bai kai na buhu ƙarfi ba kuma aikin da wahala. Ni kuma sai na tuna kakarmu tana tatsar mai daga 'ya'yan dogon yaro. Garin nan kuwa me muke da shi da ya wuce dogon yaro? Kowane titi 'ya'yansa na zube, ana sharewa ana ƙonawa. Muka sa aka tsinto, muka kai injin matsar gyaɗa, muka karɓo kitse daga mayanka, muka fara gwaji a ƙaramar tukunya. Na farko ya ƙi daskarewa sam. Na biyu ya daskare har ya wuce gona da iri, in ka jefi kare da shi sai ya kai ƙararka. Na uku ya yi kyau a ido, amma warin man ya kori kowa daga rumfa. Na kai wa Hajja guda, ta sansana ta miƙo mini abina, ta ce ko igiyar akuyarta ba za ta wanke da shi ba. Muka yi dariya har muka riƙe ciki, washegari muka koma. Susanna tana gyara awo, ni ina gyara wuta, matan kuma suka kawo shawarar a dafa man da ganyen lemun tsami da ɗan kajiji irin na turaren wuta, ka san mutanenmu ba a koya musu kashe wari. A hankali har muka sami wanda Babagana ya taɓa da harshe ya gyaɗa kai.

Ba zan yi maka ƙarya ba, ba mu fita daga rami ba. Sabon sabulun ya yi duhu, ba fari tas irin na da ba, kumfarsa ma ba ta kai ba, kuma wasu masu sari sun jujjuya shi sun ce ya yi kama da na ƙauye, sun ajiye. Har yanzu ina sayen soda da alayyadi, sai dai abin da da can tukunya ɗaya take cinyewa yanzu yana kai ni gaba da haka sosai. Kanwar ma tana tashi, don ita ma mota take hawa, amma mai kanwa ba ya duba waya kafin ya ba ni amsa. Riba siririya ce, wani watan ma babu. Sai dai mai wankau ɗin nan, da hannunta ya warke na aika mata da sabon ta gwada, ta dawo da ƙafarta ta saya, ta jawo abokan aikinta. Ni wannan ya ishe ni dalilin hura wuta gobe.

To ga abin da na yi, kuma Baba Madu ya ce shi bakinsa ba zai iya gaya maka ba, ni da na ɗauko in sauke. Tun rasuwar Baba ba mu taɓa raba gadon gidan nan ba, don ba mu ga dalili ba. Da na ga kai sayarwa kake so, ni kuma ba na so, na ce ba zan danne maka haƙƙi ba, kai ma ba za ka danne nawa ba. Na sami Baba Madu, tunda shi ka naɗa wakilinka, muka kira limamin unguwa da dattawa, aka auna fili, aka yi wa kaya ƙima, aka raba yadda Allah Ya ce. Kasonka biyu, nawa ɗaya, ban ja da kowa ba. Na ce a ba ka gaba, wato babbar ƙofa da bakin titi da babbar rumfa da ofis, duk abin da Alhajinka ya yi ta lashe baki a kai. Ni na ɗauki baya, inda rijiya take da ɗakin shanya, na ce a sa tukwane da teburin yanka a cikin rabona a rage mini ƙasa, aka rage. Da aka je aka tambayi Hajja ina za a sa tumuninta na matar mamaci, ko ɗagowa daga carbinta ba ta yi ba ta ce a sa inda ake hura wuta. Muka fasa ƙofa ta lungun baya, lungun da ko keke napep sai ya yi dabara, kaya sai a baro za su riƙa fita. Ranar da za a matsar da babbar tukunya ba mu ɗauki 'yan dako ba. Babagana ya shimfiɗa bututun ƙarfe a ƙasa, mata suka naɗe lafaya suka ci ɗamara, muka yi ta turawa har ta hau sabon murhunta, Ya Kellu ta rangaɗa guɗar da sai da maƙwabta suka leƙo ko biki ake yi. Mun matsu ƙwarai, in biyu na juya tukunya sai ta uku ta karkace ta wuce. Amma hayaƙi ya tashi a ranar, kuma bai fasa ba.

Rabonka yana nan a share, an kulle, makullin yana hannun Baba Madu. In ka ga dama ka sayar wa Alhajin, halalinka ne, ko wurin Hajja ba zan kai ƙararka ba. Ka dai gaya masa maƙwabciyarsa da wuri take tashi, kuma hayaƙinta ba ya neman izini. Ya Tahir, dala ba ta karya mini gwiwa ba, dizal ma bai karya ba, amma ranar da magini ya fara jera bulo a tsakiyar filin da muka yi wasan ƙasa ni da kai, sai da na koma bayan rijiya na zauna. Da ya zo zai kwaɓa siminti na ce ya bari, ya ɗora su haka nan, ɗaya kan ɗaya. Duk wanda ya tambaya ina ce masa tsadar siminti ce, kuma kowa ya yarda, don ka san yadda buhu ya koma. Kai kaɗai nake gaya wa ba ita ba ce. Katangar nan mutum ɗaya zai iya sauke ta da hannunsa. Ni dai ko bulo ɗaya ba zan ɗaga ba, ba kuma zan aika a ɗaga ba. Mai gaban gida nake jira.

Ka gaida mini Muhsinat da kyau, ka ce ina tambayar ƙafarta da ta ce tana kumbura. Ka shafa mini kan Umara da ƙannensa, Allah Ya raya su a kan alheri. Hajja tana gaishe ka tana sa maka albarka, Baba Madu ma haka, da Babagana da Sauda da jaririya. Nnaemeka ya ce in ce maka wushe, wato sannunsa da Kanurinsa. Matan gidan sabulu su ma sun ce a gaishe ka, har da Ya Kellu, kuma ba ni na sa ta ba. Allah Ya sada fuskokinmu da alheri, Ya bar zumunci.

Taka har kullum, ƙanwarka ta bayan katanga,

Gumsu